ZARE: Eh, da waƙar ƙosai na ci gasar, kuma ba haƙuri na zo bayarwa ba

1/ Zaren yana da tsawo, mai ƙaramin data ya yi haƙuri. Yau kwana huɗu ana ta ja-in-ja saboda na zo ta ɗaya a wata gasar waƙa ta matasan marubuta da haiku guda huɗu a kan abinci. Na yi gum na karanta duk abin da aka rubuta. To yanzu ni ma a ba ni fili.

2/ Ba zan kama sunan gasar ba, ba kuma zan yi tagin kowa ba. Alƙalai sun yi aikinsu. Waɗanda muka kara da su, wasunsu sun girme ni a harkar, ina ganin mutuncinsu. Da ra'ayi nake rigima, ra'ayin da ke cewa waƙar da ta ambaci tukunya ba ta isa ta zauna a gaban manya ba.

3/ Zargi uku ake yi mini. Na ɗaya, wai layi uku ba waƙa ba ce, ba amsa-amo ba kari. Na biyu, wai kayan aro ne daga Japan. Na uku, wai ƙasa tana cikin wannan hali ni kuma ina lissafin cefane. Wani bawan Allah ma cewa ya yi an ba mace alƙalami ta kai mu kicin. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

4/ Amma ga waƙoƙin tukuna, don na lura rabin masu hayaniyar ba su karanta ba, labari aka ba su. Kowace ɗaya tana tsaye a kan wani lokaci na shekara.

Bazara:
Ladan ya kira.
Mai sayar da ƙanƙara
bai sha ruwa ba.

Damina:
Hatsi ya ƙare.
Tafasa ta yi tsawo
a bayan rumbu.

5/ Kaka:
Tumu na farko.
Kaka babu haƙora,
sai shinshinawa.

Hunturu:
Hazon asuba,
ƙosan ɗari a hannu.
Yara su huɗu.

6/ Shi ke nan. Ɗango 12, gaɓa 68. Wanda yake shakka ya ƙirga da yatsu, 5 da 7 da 5 zai samu a kowace. Wannan ɗan abin ne ya tayar da ƙurar nan gaba ɗaya.

7/ Mu fara da asalin abin, don a daina cewa haiku wasan yara ce da aka ƙirƙira a intanet. A Japan akwai tsohuwar waƙar fada mai ma'auni 5-7-5-7-7. Kun san sunanta? Waka. Wallahi haka suke kiranta. Dacewa ce kawai, ba dangantaka da tamu, amma abin yana ba ni dariya kullum.

8/ Waccan waka ta fada tana da kalmomin da aka yarda da su. Furanni, wata, bege, hawaye. Ba kasafai za ka ji an ambaci abin da ke cikin kwano ba, don a wurinsu ƙasƙanci ne. Kun ga ashe ba a kanmu aka fara wannan cutar ba.

9/ Sai wani salo ya taso da ake kira haikai, inda mutane ke zama suna sarƙa baitoci, wannan ya yi nasa wancan ya ɗora. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, ya bazu cikin 'yan kasuwa da manoma da mutanen gari. Su suka shigo da maganar kasuwa da ta madafi cikin waƙa. Baitin buɗe taron shi ake kira hokku, mai 5-7-5.

10/ Matsuo Basho, wanda ya rayu daga 1644 zuwa 1694, shi ya ɗaga darajar wannan ɗan baitin har aka fara yi masa kallon girma. Bayansa aka yi Yosa Buson da Kobayashi Issa. A ƙarshen ƙarni na 19 Masaoka Shiki ya tsayar da baitin shi kaɗai da ƙafarsa, ya yaɗa sunan haiku da muka sani yau.

11/ Wato tun daga tushe haiku tawaye ce ga masu cewa akwai kalmar da ta fi ƙarfin waƙa, akwai kuma wadda waƙa ta fi ƙarfinta. Wanda ya ce mini haiku a kan abinci raini ne ga haiku, tarihin abin da yake karewa bai sani ba.

12/ Ku riƙe labarin Shiki ɗin nan. An haife shi a Matsuyama a 1867, ya rasu a 1902 yana da shekara 34. Tarin fuka ya kama shi har ya shiga ƙashin bayansa, ya yi shekaru a kwance. A 1901 ya fara wani littafin tarihin kwanakinsa, yana rubuta abin da ya ci safe da rana da dare, kwano nawa, ɗan itace nawa.

13/ Mutum yana kallon mutuwa yana rubuta lissafin abinci. Me ya sa? Don wanda jikinsa ke ƙarewa ya fi kowa sanin nauyin loma. Kuma haikun da aka fi saninsa da ita a Japan, wadda ta fito daga tafiyarsa zuwa Nara a 1895, a kan cin wani ɗan itace ne da suke kira kaki.

14/ Kaki ɗin nan, a wurin masana tsirrai, dangi ɗaya ne da kanyarmu. Eh, kanyar da muke saye a bakin makaranta. Su sun mayar da cin kanyarsu abin da ake koya wa yara a aji. Mu kuma idan yarinya ta sa tafasa a waƙa sai a ce ta zubar da mutuncin adabi. Haba jama'a.

15/ To mu zo ga zargi na ɗaya, cewa layi uku ba waƙa ba ce. Yayyena masana, yaushe aka fara auna waƙa da mudu? A rubutacciyar waƙarmu akwai gwauruwa, akwai 'yar tagwai, akwai ƙwar uku, ƙwar huɗu, ƙwar biyar. Baiti mai ɗango uku ba baƙo ba ne a gidanmu. Abin da ya dame ku kawai shi ne ya tsaya shi kaɗai.

16/ Kuma Bahaushe ne za a koya wa gajeren zance? Mu da muke da karin magana, da kirari, da habaici, da kacici-kacici? Idan dattijuwa ta ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, ta gama lacca ta awa guda a numfashi ɗaya. Ba wanda ya taɓa ce mata Hajiya ƙara baiti arba'in mu fahimta.

17/ Ku duba ginin karin magana da kyau. Yawanci ɓari biyu ne, sai a bar rata a tsakani, mai sauraro ya haɗa da kansa. Haiku ma haka take aiki. Japanawa suna da kalmomin yanka da suke kira kireji, waɗanda ke raba waƙar gida biyu. Hoto ɗaya nan, hoto ɗaya can, ma'anar tana cikin ratar.

18/ Ɗauki ta hunturu. Ban ce talauci ba. Ban ce tsada ba. Ban ce uwa tana cikin damuwa ba. Ƙosan ɗari na ajiye a gefe ɗaya, yara huɗu a ɗaya gefen. Duk wanda ya sayi ƙosai a shekarun nan ya yi lissafin kafin ya gama karantawa. Shi ya ƙarasa waƙar, ni buɗe masa ƙofa kawai na yi.

19/ Wanda bai ji komai ba a wannan waƙar, ina taya shi murna, alama ce ba shi ake aike ba da safe.

20/ Ta damina kuma, wanda ya tashi a ƙauye ya san watannin da hatsin bara ya ƙare na bana bai nuna ba. Gona kore shar, rumbu wayam. Lokacin ne tafasa da rama ke riƙe gida, a yi kwaɗo da ɗan ƙuli a kora da ruwa. Kalmar tafasa ita kaɗai ta gaya maka wata, ta gaya maka halin gidan.

21/ Wannan shi Japanawa ke kira kigo, kalmar da ke nuna lokacin shekara. Suna da manyan littattafai da ake kira saijiki, an jera kalmomin kowane yanayi a ciki. Da yawa daga cikinsu abinci ne: sabuwar shinkafa ta kaka, sabon ganyen shayi na farkon zafi, kifin da ya fara shigowa kasuwa. Abinci shi ne kalandar talaka a ko'ina.

22/ Batun amsa-amo kuwa, ku saurari waƙoƙin baka da kyau. Makaɗanmu ba su ɗaure kansu da ƙafiya ɗaya daga farko har ƙarshe kamar yadda ake yi a rubutacciyar waƙa, kuma ba wanda ya isa ya ce Mamman Shata ba mawaƙi ba ne. Ƙafiya ado ce mai kyau. Amma ba ita ce ran waƙa ba.

23/ Batun kari ma akwai abin da zai ba ku mamaki. Japanawa ba gaɓa suke ƙirgawa ba kai tsaye, tsawon sauti suke aunawa. Dogon wasali biyu ne a wurinsu, shi ya sa Tokyo take huɗu a lissafinsu. Wane harshe ne ya san dogo da gajeren wasali, gaɓa mai nauyi da marar nauyi? Namu.

24/ Ƙosai gaɓa biyu ce, amma a ma'aunin nauyi huɗu ce. Kunnen Bahaushe ya san wannan tun yana goye. Ni da gaɓa na ƙirga nawa, kamar yadda yawancin masu haiku a wasu harsuna ke yi. Wanda yake son gwada ƙwanji ya yi tasa da ma'aunin nauyi. Zai ga Hausa ta fi Turanci dacewa da wannan sana'a nesa ba kusa ba.

25/ Gaskiya ɗaya masu suka suke da ita, kuma ba zan hana su ba: akwai tarkace da yawa da ake kira haiku. Mutum ya rubuta na ci tuwo ya yi daɗi na ƙoshi, ya datsa gida uku, ya ce ya yi waƙa. Wannan ba komai ba ne. Amma tsakani da Allah, ba mu taɓa ganin baiti 60 masu ƙafiya da ba su ce komai ba?

26/ Don haka a yi wa waƙata hukunci a matsayin waƙa. Ka ce hoton bai fito ba, ka ce kalma kaza ta yi rauni, zan saurara har in gode. Amma ka ce gajeriya ce don haka ba waƙa ba ce, kamar ka ce yaji ba abinci ba ne don ba a cika kwano da shi.

27/ Zargi na biyu, wai aro ne. Malam, kalmar baiti da kake taƙama da ita daga ina ta zo? Ƙafiya fa? Tahamisi fa? Duk Larabci ne. Ma'aunan da manyan marubuta waƙoƙinmu suka hau, ilimin aruli ne da Khalil ɗan Ahmad ya tsara a Basra a ƙarni na 8. Basra ba a bayan Dala take ba.

28/ Malamanmu sun ɗauko wannan awo daga Larabawa, suka zuba masa Hausa, ya zama namu har ba ma tuna baƙo ne. Nana Asma'u, 1793 zuwa 1864, ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, da haruffan ajami. Su ma haruffan aro ne. Bokon da nake rubuta zaren nan da shi, kai ma kake zagina da shi, aro ne.

29/ Tunda zancen abinci ake, mu shiga madafi mu gani. Masara, rogo, tumatir, barkono, dankali, gyaɗa: duk daga nahiyar Amurka suka samo asali. Gyaɗar da muka yi dala da ita a Kano har ta zama alamarmu, baƙuwa ce. Wa zai je ya ce wa mai ƙuli-ƙuli sana'arta ba ta Hausa ba ce?

30/ Shi kansa mai cewa kayan aro, ina da tabbacin da daddare yana benci wurin mai shayi. Ganyen shayin asalinsa daga Sin, Indomie ɗin daga Indonesiya. Ciki ya karɓi baƙo, kai ne ya ƙi. Abin dubawa a aro guda ɗaya ne: da ka ɗauko, ka dafa shi da kayan miyarka ko kuwa ɗanye ka ajiye mana?

31/ Ni ban sa dusar ƙanƙara ko furannin Japan a waƙata ba. Hazo na sa, da tumu, da ladan. A ta ukun ma kalmar kaka tana aiki biyu a rubuce, ga tsohuwa ga lokacin girbi. Wannan wasan Hausa ce kaɗai za ta iya yin sa. Tukunyar ce ta Japan, miyar tamu ce.

32/ Yanzu ga zargi na uku, wanda ya fi ci mini rai. Wai ƙasa na cikin wani hali ina zancen abinci. Ɗan'uwa, wane hali ƙasar take ciki in ba na abinci ba?

33/ Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Kowa ya san abin da ya biyo baya a kasuwa. A watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin 100. Ranar 1 ga Agustan 2024 matasa suka fito kan titi. Me suke kuka da shi? Yunwa.

34/ A shekarar ne kalmar afafata ta shiga labarai, shinkafar da a da ake warewa a ba kifi, mutane suka koma saye suna dafawa. Ɗalibai sun mayar da cin abinci lissafi, sifili ɗaya sifili. Magidanci yana fita tun asuba don kada yara su tashi su tambaye shi. Wannan fa shi ne halin ƙasa. Ba a wani wuri yake ɓoye ba, a kwano yake.

35/ Kakanninmu sun san haka. Har suna suke raɗa wa yunwa kamar mutum. Ta 1913 zuwa 1914 Kakalaba suka kira ta, da ita tsofaffi ke lissafin shekaru. Mutanen da suka sa wa yunwa suna ba su ɗauki zancen ciki ƙaramin zance ba. Mu ne jikokinsu muka waye har muka fi ƙarfin ambaton tuwo.

36/ Ko a wa'azi, wane labari ne ya fi ratsa mu a kan adalcin shugaba? Na Sayyidina Umar da ya fita sintiri da dare ya tarar da mace ta ɗora tukunyar da ba abinci a ciki tana rarrashin yara su yi barci. Tukunya ɗaya, yara, dare. Ba a buƙaci dogon bayani ba, kowa ya gane.

37/ Bari in faɗi wadda za ta yi zafi. Cikin masu cewa waƙata ba ta da jigo mai girma, akwai waɗanda jigonsu mai girma shi ne yabon mai kujera. Baiti 50 an kira mutum zaki, giwa, garkuwar talakawa, alhali a mazaɓarsa ana raba ƙosan ɗari wa yara huɗu. Ita ma waƙar abinci ce ai. Bambancin kawai, cikin mawaƙin take cikawa.

38/ Manyanmu na gaske ba su raina ƙaramin abu ba. Aliyu Namangi, mai Imfiraji, ya yi waƙa a kan keke. Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, yaron da ba wanda ke kallo sau biyu a tasha. Sun san girman waƙa yana ga idon mai yin ta. Abin da ka kalla da kyau shi ke girma.

39/ Sai mai cewa na kai ku kicin. Na gode, ka faɗi abin da sauran suka ɓoye. Raina waƙar abinci raina masu dafa shi ne. Iyayenmu mata sun yi ɗaruruwan shekaru suna waƙa a bakin turmi da dutsen niƙa. A waƙar daka suke habaici, suke kuka, suke faɗin abin da ba su isa su faɗa a zaure ba.

40/ Yarinya mai talla tana da karin muryarta, daga nesa ka san mai fura ce ko mai dafaffiyar gyaɗa. Duk wannan waƙa ce, kawai ba a buga ta a littafi an sa hoton mai ita a bango ba. Ni a layinsu na tsaya, kuma ban ga abin kunya ba. Kai da kake ƙyamar kicin, sau uku a rana kake jiran saƙo daga can.

41/ Ku duba wani abu. A Ghana ana sayar da koko da ƙosai da sunan Hausa. Waakye ɗinsu daga wake ya samo suna, tuo zaafi kuwa tuwon zafi ne. Suya ta kai Landan. Abincinmu ya ɗauki harshenmu ya kai shi inda rubutattun waƙoƙinmu ba su taka ba. Shi ne jakadanmu, amma shi muke hana wa kujera a taron adabi.

42/ A Japan kamfanin shayi na Ito En yana gudanar da gasar haiku tun 1989. Waƙoƙi sama da miliyan ɗaya ake aikawa a shekara, yara 'yan makaranta da tsofaffi duk suna shiga, waɗanda aka zaɓa kuma a jikin gorar shayi ake buga su. Waƙa tana hannun mutum yana tafiya aiki. Mu kuma muna gadin ƙofa muna tambayar wa ya ba ki izini.

43/ Gadin ƙofar nan shi ne abin tsoro, ba kyautar da na ci ba. Tun da rigimar ta fara, matasa da dama sun biyo ni ta saƙo suna cewa suna rubutu amma ba za su fitar ba, kada a yi musu irin wadda aka yi mini. Wasu sun ce gara su koma yi da Turanci, can ba mai tsare su da bulala.

44/ Nan ne asarar take. Kullum muna kukan yara sun guji Hausa, amma duk wanda ya zo da sabon abu sai mu tare shi da sanda. Harshe ba kayan lefe ba ne da za a kulle a akwati ana buɗewa ranar biki. Wanda ake dafa abinci da shi kullum, shi ke daɗewa a gida.

45/ Kada wani ya juya mini magana. Ban ce a bar dogayen waƙoƙi ba. Wanda bai karanta Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu ba, ya je ya karanta kafin ya taɓa haiku, don a wurinsu ake koyon nauyin kalma. Tuwo yana nan a matsayinsa. Cewa na yi a bar wa ƙosai wuri a faranti.

46/ Maimakon zagi, ga aikin da za mu iya yi tare. Mu haɗa namu kundin kalmomin yanayi. Bazara: mangwaro, ƙanƙara, randa mai sanyi. Damina: shinge bayan ruwan farko, tafasa, rama, gasasshiyar masara. Kaka: tumu, sabon wake, gurjiya, kabewa. Hunturu: rake, magarya, kunu mai zafi da sassafe. Rani: busasshiyar kuɓewa, kuka.

47/ Na san na kowane gari daban ne. Abin da ɗan Zariya zai kawo ba shi ɗan Maraɗi ko ɗan Damagaram zai kawo ba, 'yan'uwanmu na zangon Kumasi ma lissafin yanayinsu daban. Shi ya sa nake so kowa ya rubuta nasa a ƙasan zaren nan: sunan abincin, garinku, da watan da yake fitowa.

48/ Wanda ya ji zai iya, ya gwada haiku ɗaya. Sharaɗi uku: abin da idonka ya gani, kalma ɗaya mai nuna lokaci, kuma kada ka gaya mana yadda za mu ji. Ka ƙirga 5, 7, 5. Masu cewa abu ne mai sauƙi, ku nake jira musamman. Filin a buɗe yake, kuma zan karanta kowace ɗaya.

49/ Allah ya hore wa kowane gida abin sawa a bakin salati, ya sauƙaƙa wa masu nema. Ƙarshen zare.